Karatun Talla a Unguwar Rimi

Ranar da takardar samun gurbin karatu ta iso, a shekarar 1999, na tarar da Baba a bakin tiredarsa a Funtuwa yana ƙulla sukari a leda. Na durƙusa na miƙa masa. Da yake bai yi boko ba, sai ya riƙe ta da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "To, me suka ba ka?" Na ce maketin. Ya ce in faɗa masa da Hausa. Na yi ta laluben kalma, can dai na ce, "Ilimin kasuwanci ne, Baba, yadda ake tallata kaya." Ya yi jim, sannan ya ce, "Talla? Ashe shi ma sai an je masa makaranta?"

Ba raini ne ya sa ya faɗi haka ba. Mutumin da zai ciri kuɗin makaranta daga ribar ashana da sabulu da kananzir, ai dole ya so sanin abin da zai saya. Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa albarka. Daga ranar har Allah ya karɓi ransa, duk wanda ya tambaye shi abin da na karanta, sai ya ce karatun talla na yi a Kaduna. Kuma da alfahari yake faɗa.

Ni kaina a lokacin aikin akanta nake so, kamar yawancin waɗanda muka shiga aji tare. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tsohuwar makaranta ce, tun 1956 aka kafa ta, ta samu sunanta na yanzu a 1968. Injiniyoyi suna babban gida a Tudun Wada, mu masu karatun kasuwanci da gudanarwa muna Unguwar Rimi. A Tudun Wada nake kwana gidan wani ɗan uwan mahaifiyata, don haka kullum da sassafe sai na bi bas na ratsa gari. Har yau idan hazon hunturu ya sauka, abin da nake tunawa shi ne sanyin safiyar Unguwar Rimi, da inuwar manyan itatuwanta, da ƙamshin ƙosan wata dattijuwa da ke suya kusa da inda muke sauka.

Ajinmu kuwa Najeriya ce gaba ɗayanta. Akwai Yarabawa, akwai Tibi da Igala, akwai 'yan kudancin Kaduna, akwai mu. Wanda muka fi shaƙuwa da shi wani Ibo ne da ya girme mu duka, domin sai da ya yi shekaru yana yi wa maigidansa hidima a shagon kayan gyaran mota, aka sallame shi da jari, kafin ya dawo makaranta. Da na ba shi labarin yadda ake yaye yaron shago a wurinmu, mamaki ya kama mu duka biyu, don kusan tsari ɗaya ne. Muna zangonmu na farko rikicin Fabrairun 2000 ya ɓarke, aka rasa rayuka masu yawa, gari ya dare gida biyu, kowa ya koma unguwar da yake ganin ta nasa ce. Da muka dawo, wasu kujerun babu masu su. Amma waɗanda suka dawo, a benci ɗaya muka ci gaba da zama, littafi ɗaya muke karɓa-karɓa. Ina ganin wannan yana cikin manyan alheran da makarantar ta yi mini.

Littafin nan kuwa na Philip Kotler ne, wani farfesa ɗan Amurka da ya fara fitar da shi a 1967, ana ta sabunta shi. Kotla muke ce masa, shi da littafin duka. Kauri gare shi kamar bulo, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai muka yi karo-karo mu biyar muka sayi na hannu. A ciki muka haɗu da ginshiƙai huɗun nan da wani malami mai suna McCarthy ya tsara a 1960, waɗanda a Turanci duk da harafi ɗaya suke farawa: haja, farashi, hanyar da kaya za su bi su isa ga mai saye, sai talla. A nan na fara fahimtar cewa abin da na faɗa wa Baba kashi ɗaya ne cikin huɗu, kuma shi ne na ƙarshe. Sai dai misalan littafin na wata duniya ne: manyan kantuna masu keken zuba kaya, katin cin bashi, tufafin lokacin ƙanƙara. Muna haddacewa muna cin jarrabawa, amma abin bai zauna mana ba.

Wanda ya zaunar da shi wani malaminmu ne, dogo, mai sanyin murya, wanda ba ya rabuwa da farin kaftani. Al'adarsa ce ya karanta sakin layi ɗaya, ya rufe littafin, ya ce, "To, ku kai mini wannan Kasuwar Barci." Wata rana ya shigo da gwangwanin madarar Peak da ƙaramar ledar Cowbell, ya jera su a tebur. Ya ce mu faɗa masa dalilin da ya sa wannan 'yar leda, wadda ta shigo kasuwa a 1993, ta girgiza kamfanin da ya yi shekara da shekaru shi kaɗai ake yayi. Wasu suka ce talla, wasu suka ce daɗi. Ya girgiza kai. Ya ce lebura da ɗan dako da mai facin taya kullum suke samu, kullum suke kashewa. Ba su da kuɗin gwangwani a dunƙule, ba su da firjin ajiye ragowa. Mai ledar ya lura da aljihunsu, ya auna musu madarar kofi ɗaya a kuɗin da ke hannunsu da safe. Idan aka yi lissafi, mai sayen leda yakan biya fiye da mai sayen babban mazubi a kan awo ɗaya, amma shi bai taɓa samun damar zaɓin babban ba balle ya kwatanta.

Ina zaune sai gabana ya faɗi. Hannun Baba nake gani yana ƙulla sukari. Ƙullin sukari, ƙullin gishiri, ƙullin omo, man gyaɗa a murfin kwalba, duk abin da na tashi ina gani ina kuma taya shi yi bayan makarantar allo. Na ɗaga hannu na faɗa. Malam ya yi murmushi ya ce, "Mahaifinka ya riga kamfanin, sai dai shi bai sa wa nasa suna ba." A ranar ne na daina kwaɗayin komawa sashen akanta.

Daga nan muka shiga maganar suna. Ya ce mu lissafa kayan da Bahaushe ke kira da sunan kamfani ɗaya ko da na wane ne. Aji ya kaure: duk garin wanki omo ne, duk ɗanɗanon miya magi ne, duk man goge baki makilin ne, duk ganyen shayi lifton ne. Muna ɗauka wannan babbar nasara ce ga masu sunan. Ya ce nasara ce, amma da ƙaya a jikinta. Idan aka aiki yaro ya sayo omo, mai tireda zai miƙa masa duk wanda ya fi samun riba a kai, ko wanda ɗan sari ya ba shi bashi, yaro ya karɓa ya tafi, uwar gida ta yi wankinta ba ta ce uffan ba. Ke nan kamfani ya kashe kuɗi a rediyo, wani ya kwashi cinikin. Wannan ma na san shi, don da hannuna na sha yi.

Ba komai na yarda da shi ba. Akwai shahararren rubutun Theodore Levitt na 1960, inda ya nuna cewa kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka sun durƙushe ne don sun ɗauka sana'arsu jirgi ce, alhali sana'arsu ɗaukar mutane da kaya ce, har mota da jirgin sama suka ƙwace musu kasuwa. A Kaduna ba ma buƙatar dogon bayani, ga taragai nan suna tsatsa a tasha. Amma da wasu suka so su auna masaƙun Kakuri da wannan mudu, sai na ƙi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, muna tsakiyar karatu, UNTL ta biyo baya a 2007. Maƙwabtanmu a Tudun Wada da dama a can suke aiki, na ga yadda gidajensu suka shiga wani hali. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa a farashin da ba a iya gogayya da shi, su ne suka taru suka kayar da su. Babu gwanin tallan da zai iya ceton masaƙa a irin wannan yanayi. Har yau ra'ayina ke nan: ilimin yana da iyaka, kuma mai mutunta shi ya kamata ya san inda iyakar take.

Tsarin karatun shi ne shekara biyu ta ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan a dawo a yi biyu ta babbar difloma. Shekarar tsakiyar a Kano na yi ta, a kasuwar Singa, wurin wani Alhaji dilan kayan masarufi. Na isa ana gab da azumin 2001, wanda ya kama a watan Nuwamba, kasuwa ta cika ta batse. Sukari da madara da ganyen shayi da taliya ake lodi ba dare ba rana, motoci na ɗauka zuwa Gusau da Azare da Nguru, wasu su tsallaka Maraɗi da Damagaram. Na ga an ba mutum kayan da kuɗinsu zai sayi gida, ba takarda ba sa hannu, sai "Allah ya kai lafiya, sai ka juyo." Na tambayi Alhaji wata rana, na ce, "Ranka ya daɗe, idan bai dawo ba fa?" Ya ce, "Yaro, na san ubansa, na san wanda ya kawo shi wurina, na san masallacin da yake salla. Ina za shi?" A aji mun yi babi guda a kan tantance wanda ya cancanci bashi. Alhaji yana yin nasa tantancewar a cikin gaisuwa.

Watannin farko ji nake ba ni da abin da zan ƙara wa mutumin nan. Ya san lokacin da kuɗi ke shiga ƙauye bayan kaka, ya san kayan da ke kwantai da damina, ya san ƙaramar riba mai juyawa ta fi babba mai kwana. Sai da na fara rubuta sunayen masu sari da ranakun zuwansu a wani littafi, kamar yadda aka koya mana, na ga wani abu da cunkoson kasuwa ya rufe: akwai tsofaffin abokan ciniki da suka ɗauke ƙafa, kuma babu wanda ya lura, don sababbi sun cike gurbinsu. Na nemi izini na bi sawun wasu. Ɗaya daga cikinsu na same shi layi biyu kacal daga shagonmu yana sari wurin wani. Ya ce shi ba shi da matsala da Alhaji ko da farashinsa. Yaran shago ne ke jinkirta masa lodi, suna fara sallamar manyan motoci, shi kuwa motar garinsu da la'asar take tashi, sau biyu yana kwana a tasha. Kunya ta hana shi faɗa, sai ya canza shago.

Da na kai wa Alhaji labari, ya daɗe bai yi magana ba. Washegari ya sa aka ware yaro guda don masu ƙananan kaya na nesa, ya kuma aika aka kira mutumin ya ba shi haƙuri da bakinsa. Daga ranar ya daina ce mini ɗan makaranta, ya koma ce mini malam. Babu takardar shaidar da na karɓa daga baya da ta faranta mini rai kamar wannan.

A shekarar 2001 ɗin ce kuma wayar salula ta shigo. An yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, kowane a kan dala miliyan 285, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. Naira 50 ake biya a minti ɗaya, kuma ko daƙiƙa ɗaya ka ɗora a kai, kuɗin minti biyu za a cira. Kowa ya koyi magana ido na kan agogo. Lemomi suka bazu a bakin titi, 'yan mata da samari na zaune da waya ana biya ana kira. Da muka koma babbar difloma, wannan ya zama abin muhawararmu kullum. A Agustan 2003 Glo ta fito da lissafin daƙiƙa, ba a jima ba sauran suka bi. Abin da muke karantawa a babin farashi da gasa, ga shi yana faruwa a aljihunmu. Ban taɓa jin daɗin zama ɗalibi kamar a wannan shekarar ba.

Aikin bincikena na ƙarshe a kan ɗanɗanon miya na yi shi, a unguwannin Tudun Wada. Na tsara takardar tambayoyi da Turanci kamar yadda littafi ya nuna, na buga, na fita. Kwana biyu ban samu abin kirki ba. Masu girki suna cikin gida, a bakin zaure kuma an rubuta ba a shiga. Magidanta da na samu a waje ba su san ko wane iri ake sa musu a miya ba. Sai wasu 'yan ajinmu mata biyu suka taimake ni. Muka mayar da tambayoyin Hausa, suka ajiye takarda a jaka, suka shiga gida-gida da sallama, suka zauna ana tsinkar zogale ana hira. Ni kuma na zauna a bencin masu tireda ina kallon masu zuwa. Abin da muka gano ya sauya mini tunani har yau. Maigida ne ke ba da kuɗin cefane, uwar gida ce ke zaɓa, amma wanda ke tsayawa gaban tireda yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai, da kuɗi a dunƙule a hannu da saƙo a baki. Ba ya karatu. Launi yake riƙewa, da hoton da ke jikin takardar: mai tauraro, mai zakara, ko farin magi. Duk hajar da yaro ba zai iya kwatanta ta da kalma biyu ba, ta yi asarar gidajen unguwa guda. Littafin Kotla ya bambanta mai yanke shawara da mai saye da mai amfani, gaskiya ne, amma bai san ɗan aike ba.

Bayan hidimar ƙasa na samu aiki a wani banki a 2006. Lokacin an gama haɗe bankuna, Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kowa na farautar ajiya. Maketa suke kiranmu. Aikin shi ne a yanka maka adadin kuɗin da za ka kawo a wata, ka bi masu hali ofis-ofis da gida-gida kana roƙo. Babu mai tambayarka me mutane ke buƙata. Abokan aikina mata sun ga wulaƙancin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ga kuma bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma, a ajiye shi ƙasa da mai digiri ko da aiki ɗaya suke yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka ɓata sunan sana'ar, har iyaye suka fara jin kalmar maketin suna tsuke fuska. Shekara biyu na yi na bari, na koma kamfanin kayan masarufi, na yi shekaru ina zagaya kasuwannin Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kabi. A can ne karatuna ya dawo mini da amfaninsa, a bencin masu tireda da rumfunan 'yan sari.

Yanzu kasuwa ta shiga waya. Matan aure na sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga ɗakunansu ta WhatsApp da Facebook da TikTok, wanda ya saya ya tura kuɗi, ɗan acaɓa ko mai adaidaita ya kai. Yara kan zo su ce mini, "Kawu, tunda ga waya, akwai amfanin a je a karanta maketin?" Nakan ce akwai, ƙwarai kuwa. Waya za ta kai hotonka gaban dubban mutane, amma ba za ta koya maka lissafin farashin da ba zai cinye uwar kuɗi ba, ko yadda za ka gane wanda ya daina saye ka bi shi ka ji dalili. Sharaɗina ɗaya ne: duk hutu su nemi shago su zauna, ko ba za a biya su ko sisi ba.

Baba ya rasu, Alhajin Singa ma ya rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da ke damuna shi ne duk abin da suka sani sun tafi da shi. Yadda ake taya kaya a ce albarka har a kai ga sallamawa, hikimar gyara da ake ɗora wa mai saye a kan mudu, matsayin dillali da la'adarsa, yadda fatoma ke sauke baƙon ɗan kasuwa ya tsaya masa, yadda ake yaye yaron shago, duk ban ga ɗayansu a littafin da muka yi jarrabawa da shi ba. Kano tana ciniki a Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amma ɗalibinmu ya fi sanin tarihin kantunan Amurka.

Don haka ina roƙon malaman wannan fanni a Kaduna da Zariya da Kano da Sakkwato, da mu da muka karanta muka kuma yi aiki da shi: a tura ɗalibai Kantin Kwari da Dawanau da Singa da littafi da biro, su durƙusa gaban dattawan da suka rage su yi tambaya, a rubuta abin da suka faɗa, da Hausa, a sa shi cikin abin da ake koyarwa. Ni na fara nawa da littafin da na rubuta sunayen masu sari a 2001, yana nan a akwatina.